Me za mu kira "domestic violence" da Hausa?

Jama'a, a taya ni da kalma. Duk sanda aka zo maganar majalisar dokokin wata jiha ta tsaurara hukunci kan abin da Bature ke kira "domestic violence", sai in ji mai fassara ya ce "rikicin cikin gida". Kunnena ya ƙi karɓa.

Rikici na mutum biyu ne. Da ka ce rikici, ka raba laifi biyu tun ba a je gaban alƙali ba, kuma ka kira maganinsa: a tara dattawa, a ce harshe da haƙori ma ana saɓawa, a yi biko, ta koma ɗakinta. To wa za a ɗaure a kan saɓani? Banda haka, da wannan kalmar muke faɗin rigimar jam'iyya da yaƙin Sudan.

"Dukan mata" fa? Kowa ya gane shi, amma ya yi wa dokar kaɗan. Ku duba dokar VAPP, wato dokar tarayya ta hana muzguna wa mutane, da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015, wadda ke aiki a Abuja, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018. Dukan miji ko mata sashe ɗaya ne a cikin dokar ta tarayya, ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Akwai korar mutum daga gida da ƙarfi, akwai tafiya a bar mata da yara ba ci ba sha, akwai zagi da barazanar da ke cinye mutum ba tare da tabo a jiki ba. Duk waɗannan ba duka ba ne. (Tarar nan kuwa yau ba ta sayen bijimi ɗaya, shi ya sa masu cewa a tsaurara ba su yi ƙarya ba.)

Wani ya kawo "cin zarafin abokiyar zama". Malam, abokiyar zama ai kishiya ce. A bar wannan.

"Cin zarafin iyali" ya fi kusa, na daɗe ina juya shi. Matsalarsa, Bahaushe in ya ce iyalina matarsa yake nufi. Ina za mu sa mijin da aka watsa wa ruwan zafi? Ina agola, ina 'yar aiki, ina tsohuwar da ɗanta ke hana wa abinci? Shi kansa "cin zarafi" ya yi laushi saboda yawan amfani, ko baƙar magana aka gaya wa mutum a Facebook sai ya ce an ci zarafinsa.

Ni dai na tsaya a kan "cin zali a gida". Ko yaro ya san cin zali: babba ne ya danne ƙarami don ya san ba mai rama masa. Kalmar da kanta ta nuna mai yi da wanda aka yi wa, ba ta tambayi jinsi ba, kuma ba a cewa mai cin zali da wanda aka ci zalinsa su yi haƙuri da juna.

Akwai kuma dalili na shari'a. Sashe na 55 na kundin dokokin laifuffuka na Arewa (Penal Code) ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Kalmar da za mu zaɓa dole ta tsaya gaban "ladabtarwa" ta ƙaryata ta. "Rikici" ba zai iya ba. A fiƙihun Malikiyya ma alƙali na raba aure saboda cutarwa, don haka ba baƙon tunani muke shigo da shi ba.

Sai jimlar labarai ta zama: majalisa na duba ƙudirin tsaurara hukunci kan masu cin zali a gida. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, me gidajen rediyonku ke cewa?