Shin an kai ƙarshen lambobin firam?

Ɗalibi: Jama'a, ni dai ina ganin an gama. A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano lambar firam mai alƙaluma 41,024,320, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, ka ɗebe 1, ita ce. Bayan wannan kuma wace ta rage?

Malamin lissafi: A'a ɗana, ka ce ita ce mafi girma da aka sani. Ƙarshe kam babu shi, kuma Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya tabbatar da haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kawo duk firam ɗin da kake da su, ka ninka su, ka ƙara 1. Duk wadda ka raba sakamakon da ita a cikinsu, saura 1 zai rage. Ke nan akwai wata da ba ta cikin jerinka.

Ɗaliba: Malam, ke nan sakamakon kullum firam ne?

Malamin lissafi: Nan mutane da yawa suke zamewa, 'yata. Ɗauki biro ki ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, za ki sami 30,030. Ƙara 1, ya zama 30,031. Wannan ba firam ba ce, 59 sau 509 ce. Amma dubi 59 da 509 ɗin: dukansu firam ne, kuma babu su a jerin da kika fara da shi. Abin da hujjar ta yi alkawari ke nan.

Ɗalibi: Na ji, Malam. To ai kuwa abu ya yi sauƙi. Tunda 136,279,841 ita ma firam ce, a ɗauko firam ta gaba, a jera 2 har adadinta, a ninka su, a ɗebe 1, a sami sabuwar firam.

Injiniya: Ƙanena, da haka ne da ba a yi kusan shekara shida ana nema ba, don wadda ta gabace ta tun Disambar 2018 aka samo ta. Gwada da 11: jera 2 guda 11, ka ninka su, ka ɗebe 1, za ka sami 2,047, wato 23 sau 89. Firam ɗin da ake samu ta wannan hanya, waɗanda ake kira na Mersenne, 52 kacal aka sani, shi ya sa masu aikin GIMPS, wato 'yan sa-kai masu neman su, suke bin su ɗaya bayan ɗaya da kwamfutoci.

Ɗaliba: Yaya, na ji an ce da lambar ta Durant bankuna suke kulle bayanansu.

Injiniya: Ba da ita ba. Tsarin kulle bayanai da ake kira RSA yana aiki da firam biyu na sirri, kowace alƙalumanta ɗari uku da 'yan kai a makullin da aka fi amfani da shi. Lambar da duniya ta sani ba ta kulle komai.

Ɗalibi: Na janye maganata ta farko. Amma Malam, su na Mersenne ɗin ma ba su da iyaka?

Malamin lissafi: Hujjar Yuklid ba ta kai nan ba. Masana suna kyautata zaton ba su da iyaka, amma har yau babu wanda ya tabbatar.