Abin da masu saƙa suka ce kan saƙar ƙulli-ƙulli ta bargo

Masu saƙa sun yi hira mai tsawo kan ƙananan murabba'ai masu ƙulli-ƙulli da ake saƙawa da kwarashi, a harhaɗa su zama bargo. Yawanci sun yarda cewa don yin ƙulli ɗaya, dogon ɗinki (wanda ake naɗa ulu a kwarashi kafin a soka shi) biyar ake yi a rami ɗaya, kowanne a bar shi bai ƙarasa ba, har madauki shida su taru a kan kwarashi, sai a zaro ulu ta cikinsu gaba ɗaya. Ƙullin ta baya yake ɓullowa, don haka a saƙa layinsa daga bayan aikin. Gajeren ɗinki (wanda ba a naɗa ulu kafin a soka) a gefe da gefen ƙullin, a ɗan ɗaure shi, shi ke sa ƙullin ya yi tsaye kamar ƙwallo. In ya lotsa, a tura shi da ɗan yatsa.

Gardamar ta fi zafi kan launi. Wasu na son ulu mai launi barkatai, amma ni ina bayan masu cewa launi ɗaya mai haske ya fi, domin baƙi ko mai gauraye ɓoye adon yake yi.

Ƙulli na cin ulu sosai, a sayi ƙari tun farko. Kafin haɗi kuma, a jiƙa kowane murabba'i, a kafe shi da fil har ya bushe daidai girman 'yan uwansa.