Ina fostin a sashen hoton eksire, Hajiya ta ce wai aikin yana hana haihuwa

Ƴar Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗaliba ce aji huɗu a rediyogirafi, wato ilimin ɗaukar hoton asibiti irin su eksire, an tura mu fostin, wato koyon aiki a asibiti, sai na samu na dawo gida Katsina, ina yi a wani asibiti nan cikin gari. Abu biyu ke damuna. Tunda wata maƙwabciya ta tsegunta wa Hajiyarmu wai masu aikin ɗakin eksire ba su haihuwa hankalinta ya tashi, kullum zan fita sai ta cusa man gwangwanin madara a jaka wai tana wanke hasken eksire daga jiki, jiya har cewa ta yi ko in koma karatun nas. Ni ma fa abin ya ɗan shige ni, don ma'aikata na da baj ɗin TLD, mai auna hasken da ya taɓa mutum, a ƙirji mu ɗalibai babu. Na biyu kuma aikina bai wuce kiran suna da ɗaukar kaset ɗin da hoton ke hawa da goge tebur ba, lokbuk ɗina, littafin da muke rubuta aikin da muka yi, wayam. Don Allah waɗanda suka riga mu a taimaka da shawara.

Anti Mai Hoto:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaida Hajiya, ki ce mata wadda ta daɗe a ɗakin nan ce ke gaisuwa, kuma yanzu haka da goyo a bayana. Madara ki sha abinki, amma ba ta wanke komai, don hasken eksire ba ya zama a jiki kuma ba ya zama a ɗaki, da an saki maɓalli ya ɗauke kamar an kashe ƙwan lantarki. Abin da ke kare ki shi ne nisa da shingen dalma da rage lokacin da kike kusa da injin. In kika ninka nisanki sau biyu abin da ke iso ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ai kun yi wannan a fiziks. Da milisibat ake auna hasken da jiki ya samu, kuma iyakar da aka sa wa ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara in an raba a kan shekara 5, kuma ko manomin da bai taɓa taka asibiti ba yana samun wajen 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Wanda ke danna maɓalli daga bayan shinge ko kusa da iyakar nan ba ya zuwa.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne in an tura injin tafi-da-gidanka zuwa wod ko tiyata, ko ranar da ake hoton bariyom, ruwan da ake ba majinyaci don hanjinsa ya fito a hoto, nan babu bango, sai rigar dalma ki ja baya iya tsawon wayar maɓallin. Kuma ko wa ya ce ki riƙe yaro a ɗauka ki ce a yi haƙuri, a sa wa mai jinya rigar ya riƙe, shi sau ɗaya zai yi ke kuwa aikinki ne kullum. Baj kuma ba kariya ba ne, awo kawai yake, amma duk da haka ki yi wa malamin da ke kula da fostin ɗinku magana a makaranta, ku je a ƙungiya ya fi.

Bahaushen Daura:
Ƙanwata batun lokbuk, ba wanda zai miƙa miki majinyaci sai ya ga idonki na kan aiki. Ki riƙa karanta fom kafin oga ya karanta, ki shirya kaset da maka, wato alamar dama ko hagu, ki ja injin zuwa santimita 180 in hoton ƙirji ne ba tare da an ce miki ba, wata rana za ki ji an ce to tsayar da shi mu gani. Sannan abin da ba a koyarwa a aji shi ne mutanenmu. Ki ce wa dattijo daga ƙauye Baba ja numfashi ka riƙe, sai ya ja ya sauke yana ce miki to, fim ya lalace, don haka ku gwada tare sau ɗaya kafin ki koma bayan shinge. Ga laya da guru da jigida da ƙarfen rigar nono da tsabar kuɗi a aljihun gaba, duk suna fitowa ɓaro-ɓaro, kuma cire laya sai da lallami, ki ce ya riƙe ta a hannu in ba hannun za a ɗauka ba. Nan ma kin fi mu sa'a wallahi, mata sun fi sakin jiki da mace, musamman tambayar ranar al'ada ta ƙarshe da ko akwai ciki kafin hoton ƙugu ko mara. In kina son koyon hoton karaya kuma ki roƙi dutin yamma, lokacin ƴan haɗarin babur ke shigowa kuma hannu ya yi ƙaranci.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Ni ba fannina ba ne amma kawuna ya yi aikin nan shekarun baya, kuma ya ce har rabon madara ake yi masu. In ba ta da amfani me ya sa ake bayarwa?

Anti Mai Hoto:
Malam an yi hakan a wurare da dama, al'ada ce ta zamanin ɗakin duhu da ruwan wankin fim, ba wata hujja a kanta. Allah ya ƙara wa kawu lafiya.

Ƴar Ƙofar Marusa:
Na gode Anti, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, ta ce ta ji batun goyo amma madara ba fashi. Dutin yamman ne ban san ko za ta bari ba don Napep na wuya bayan isha'i, sai dai in yayana zai riƙa ɗauko ni. Anti don Allah in mutum ya samu baj ɗin, ƙarƙashin rigar dalma ake maƙala shi ko a sama?