Karatun Littafi Mai Tsarki a waya lokacin addu'ar iyali, ya kuke gani?

Maman Uku: Salama 'yan'uwa a cikin Kristi, dan Allah shawara nake nema. Muna addu'ar iyali da dare, to yanzu yara sun tasa kowa da wayarsa, da babansu ya ce a buɗe Zabura sai kowa ya zaro waya wai manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion zai shiga, amma ina lura da babbar, yatsa na ta jan sikirin ba tsayawa, alhali Zabura 23 aya shida ce kacal, to me ake ja haka? Babansu ya ce a hana waya kwata-kwata, ni kuma tsorona kada su tsani zaman addu'ar gaba ɗaya.

Dattijo: 'Yata, ni dai ina bayan maigidanki. Littafi na takarda ba ya ƙara, ba ya kawo saƙon WhatsApp ana tsakiyar aya. A tara wayoyin a kan tebur, har da taki da tasa fa, don in yara suka ga uba na leƙa tasa to magana ta ƙare. Minti ashirin ba zai kashe kowa ba.

Malamin Matasa: Baba da girmamawa, amma ba wayar ce mai laifi ba. A Luka sura 4 naɗaɗɗen littafin Ishaya aka miƙa wa Yesu ya karanta, ba irin namu mai bango ba, shi ma wannan na bugawa sai wajen 1455 Gutenberg ya fitar da shi a Jamus, lambobin ayoyi ma daga baya aka sa. YouVersion kuwa tun 2008 take, kuma akwai tsofaffin da ido ya yi rauni, da ita suke sauraron Maganar Allah ana karanta musu. Mama ki sa su sauke fassarar a waya su kashe data, sannan kowa ya karanta aya ɗaya da ƙarfi bi da bi, wanda hankalinsa ya tafi wani wuri nan take za a gane shi.

Mai Kwaya: Hmm, ni abin da ya fi damuna daban ne. Tun korona a 2020 da aka koma sujada ta intanet wasu har yau ba su dawo coci ba, suna kwance a gado wai suna bin wa'azi a Facebook, Ibraniyawa 10:25 kuwa ta ce kada mu bar taruwa. Ga kuma masu neman aya a ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambayoyi, wani lokaci sai ya ba ka sura da lambar da ba su dace ba, in ba ka duba da kanka ba ka kwasa ka kai gaban jama'a.

Maman Uku: Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sa albarka. Zan gwada na kashe data ɗin tukuna, in ya ƙi sai mu koma shawarar Baba. Sai dai maganar ajiye tasa wayar, wannan kam sai na lallaɓa maigida.