Shin otal-otal ɗin alfarma ne suka raya Sardiniya?

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Mun dawo daga Sardiniya, tsibirin Italiya da ke Bahar Rum, inda muka sauka a wani otal na bakin ruwa a gaɓar Costa Smeralda, kusa da Porto Cervo. Akwai tsada, ban musa ba. Amma ra'ayina shi ne waɗannan otal-otal su suka fitar da tsibirin daga talauci. Kafin 1962, lokacin da attajirin nan Karim Aga Khan da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta saye gaɓar, wurin duwatsu ne da sarƙaƙiya, sai makiyaya jefi-jefi. Shi ya kafa kamfanin jiragen sama na Alisarda a 1963 don kawo baƙi Olbiya, birnin da ke kusa da gaɓar. Mai cewa kwana a can almubazzaranci ne ya fara ƙirga bakunan da ke ci daga kuɗin.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Barka da dawowa Alhaji, ya gajiyar hanya? Ni dai ina bayanka. Kuɗin mai hali in bai fita ba, wa zai samu?

Malam Idi: Alhaji, Allah ya huci gajiya. Ni a birnin Sassari na nan Sardiniya nake zaune, kuma na yi aikin wanke-wanke a kicin ɗin irin waɗannan wurare, don haka ka ba ni dama in saɓa maka. Abin da ka gani gaskiya ne, amma a watan zafi ka gan shi. Yawancin otal-otal ɗin gaɓar nan ana buɗe su ne wajen Afrilu ko Mayu, a rufe a Oktoba. Mai share ɗaki da mai kawo maka tawul a bakin ruwa kwantiragin 'yan watanni ne a hannunsu. Sanyi na shigowa, kowa ya kama gabansa. Mutum ba ya aure ko ya gina gida da aikin rabin shekara, shi ya sa har yanzu samarin tsibirin ke ƙetarawa Milan da Jamus.

Baban Ilham: Malam Idi, aikin rabin shekara ai ya fi babu. Dubi Olbiya: a farkon shekarun 1960 mutanenta ba su kai 20,000 ba, yau sun haura 60,000. Me ya jawo su in ba baƙi ba?

Malam Idi: Olbiya ta girma, haka ne. To daga ina mutanen suka zo? Daga ƙauyukan tsakiyar tsibirin, waɗanda yanzu suke zama kufai. Garin Ollolai har sayar da tsofaffin gidaje ya yi a kan yuro 1 a 2018 don a samu masu zama. A Fabrairun 2019 kuma makiyaya suka riƙa malalar da madarar tumaki a kan tituna, saboda ana sayen lita a hannunsu kusan santi 60 na yuro, kuɗin da bai mayar musu da abincin dabbobin ba. Da arzikin gaɓar yana kaiwa ciki, da ba a kai ga haka ba. Abin yana ci mini rai, domin ina ganin cukun tsibirin a teburin baƙi, na kuma san abin da mai tatsar yake samu.

Anti Rabi: Akwai abin da Alhaji ya tsallake a tarihin. Gaɓar ba don lalacin mutane ta zauna ba kowa ba, zazzaɓin cizon sauro ne ya kore su zuwa kan tudu. Sai da aka yi gagarumin feshi tsakanin 1946 da 1950, da taimakon Gidauniyar Rockefeller, kafin cutar ta kau. Ba don wannan ba, wane attajiri zai kwana a bakin ruwan? Aikin lafiya ne ya share fage, otal daga baya ya zo.

Aminu: Anti ta yi gaskiya. Sannan a tambaya, riba ina take tafiya? Tun 2012 manyan otal-otal ɗin Costa Smeralda, irin su Cala di Volpe da Pitrizza da Romazzino, suna hannun kamfanin zuba jarin gwamnatin Katar.

Maman Sadik: To Aminu, laifi ne baƙo ya zuba jari? Haraji fa suna biya.

Aminu: Ba laifi ba ne, Hajiya. Kawai dai kada a ce mutanen tsibirin ne masu abin. Su da kansu sun ga alamar gaɓar za ta kuɓuce musu, shi ya sa a 2004 gwamnatin yankin ƙarƙashin Renato Soru ta dakatar da sabon gini a cikin kilomita 2 daga bakin teku. A 2017 kuma aka yi dokar tara, daga yuro 500 zuwa 3,000, ga duk wanda ya kwashi yashi ko tsakuwar gaɓa ya tafi da ita.

Baban Ilham: Ai wannan hujjata ce, ɗana. Da yashin ba ya kawo kuɗi, wa zai yi masa doka? Baƙin da kuke zargi su suka sa aka san darajarsa. Na yarda zancena ya fi ƙarfi a yankin Gallura, inda Costa Smeralda da Olbiya suke, fiye da tsibirin gaba ɗaya, amma a nan ɗin ba zan janye ba.

Malam Idi: Ko a Gallurar, Alhaji, ka sa a bincika maka kuɗin hayar ɗaki a Arzachena ko Olbiya a watan Agusta. Masu gidaje sun fi son ba baƙo na mako ɗaya, ma'aikaci kuwa sai a haɗu huɗu a ɗaki guda. In za ka koma, ka zo a Janairu ka sauka a wurina, in kai ka Porto Cervo da Ollolai a rana ɗaya, sai mu ci gaba da maganar a can.