Hannun Baba na rawa idan yana zaune, wane asibiti za mu nufa a Legas?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Mahaifinmu dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shekarunsa sun haura 60. Tun bara muka lura hannunsa na dama yana rawa, amma fa sai idan yana zaune ya ɗora shi a gwiwa. Babban yatsa da manuni sai su riƙa murza juna kamar mai jan carbi. Da zarar ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi sai rawar ta lafa. Yanzu tafiyarsa ma ta canja, yana jan ƙafa, maɓallin riga sai ƙanina ya sa masa. Littafin da yake rubuta bashin 'yan sari kuwa, rubutun ya ƙanƙance har shi kansa da ƙyar yake karantawa. Mai kemis ya ce hawan jini ne. Gwaggo ta bugo daga gida ta ce sammu ne na abokan kasuwa, a maido shi Arewa. Shi kuma ya ce tsufa ne, a ƙyale shi. Jama'a, ina muka dosa?

Wani ɗan canji daga Agege: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a duba goro da shayi tukuna. Ni ma hannuna ya taɓa rawa lokacin da nake cin goro da safe ba karyawa, na rage sai ya daina.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Idi-Araba: Alhaji, naka daban ne. Rawar goro, ko ta faɗuwar suga, ko ta ƙullin nan na wuya mai kawo maƙoƙo idan aikinsa ya yi yawa, hannu biyu take kamawa, kuma tana ƙaruwa ne idan mutum ya miƙa hannu zai yi abu. Akwai ma wata da ake gado a dangi, wadda ke hana kai cokali baki, wani lokaci har da kai take kaɗawa. Amma abin da ɗan'uwanmu ya lissafo, wato gefe ɗaya, rawa lokacin hutu, nawar jiki, jan ƙafa da ƙanƙancewar rubutu, ya fi kama da cutar Fakinson. Ban ce ita ce ba, sai likita ya gan shi ido da ido.

Abin da ke faruwa shi ne, akwai wasu ƙwayoyi a can cikin ƙwaƙwalwa da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. Idan suka riƙa mutuwa a hankali, sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare. Yawanci bayan shekara 60 take bayyana. Shekaru da gado da muhalli duk suna da hannu, an kuma danganta ta da daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshin gona. Shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini farat ɗaya take zuwa, wannan kuwa sanɗa take yi.

Ku fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa da ku, ku karɓi takardar turawa zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) nan Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Kada ku yi mamaki idan likitan ya sa shi tafiya a baranda, ya ce ya riƙa haɗa yatsu yana buɗewa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu. Gwajin ke nan, babu gwajin jinin da ke tabbatar da ita. Sannan ku kwashe duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su, har na kemis. Wasu magungunan amai da jiri irin su Maxolon da Stemetil, da wasu na taɓin hankali, suna jawo alamomi iri ɗaya sak, kuma sau da yawa idan likita ya janye su mutum yakan dawo daidai. Tambaya, don waɗannan ma kan zo tare da cutar: yana fama da taurin bayan gida? Ya daina jin ƙamshi? Yana ihu ko kai naushi cikin barci?

Wani direban tirela daga Apapa: Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ba ita ce cutar Muhammad Ali ɗan dambe ba?

Ma'aikaciyar jinya: Ita ce. A 1984 aka gano masa, bai rasu ba sai 2016.

Wata uwargida daga Obalende: Ƙanina, surukata ke da ita, a ɗakina take, don haka saurara. Ba a warkewa, gara ka sani tun yanzu, kada wani mai magani a mota da lasifika ya cinye muku kuɗi. Amma maganin asibiti yana aiki. Sunansa lebodofa, ana haɗa shi da kabidofa a ƙwaya ɗaya. Hajiya da sai an kama ta take tashi daga kan sallaya, yanzu da kanta take alwala. Sai dai maganin yana da sharaɗi. Lokacinsa ba ya son wasa, mu ƙararrawa muka sa a waya. Likita ya ce a ba ta kamar rabin awa kafin abinci, saboda nama da wake da madara suna rage shigarsa jiki. Kuma ba a yanke shi kwatsam, yana da haɗari, saboda haka tun kafin ya ƙare muke neman wani, don akwai tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba. Batun azumi ma ku tambayi likita tun kafin watan ya kama. A ɗauke tabarmar da ke naɗewa a hanya, a sa abin riƙewa a banɗaki. Kada ku ce ya kwanta ya huta, motsa jiki na cikin maganin. Amma hawa danfo (bas ɗin haya) tun bai gama tsayawa ba da tsallaka titin Ikorodu shi kaɗai, a daina.

Wani malamin Islamiyya daga Alaba Rago: Addu'a da ruƙiyya ba su hana asibiti, a nan ma za a iya yi masa. A lallashi Gwaggo, kada a ɗora wa bayin Allah zargi ba hujja, gaba kawai za a haifar a kasuwa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, na tambayi Umma. Ta ce ihun barcin ya fi shekara uku, ya taɓa kai mata duka ma, taurin bayan gida kuma ya daɗe da shi. Amma ana ɗauka? Jikokinsa a kwano ɗaya suke ci da shi. Kuma yaya zan shawo kansa? Ya ce ba zai bar rumfa ya je ya wuni a layi ba.

Ma'aikaciyar jinya: Ba a ɗauka ko kaɗan, su ci abinsu. Yawancin masu ita ma ba gadonta suka yi ba. Umma ta raka ku, ita za ta fi ba da labarin daren.

Ɗan canji daga Agege: Dattijo ba ya jin maganar ɗansa a kan asibiti. Ka samu amininsa na kasuwa, sa'ansa wanda yake jin nauyi, shi zai faɗa masa. Kai kuma ka je ka yanko kati ka karɓo rana tukuna, ƙaninka ya tsare rumfa. Ku fito bayan asuba, kafin Ojota ta cushe.