Yarona ya ɓoye mini ciwon baya fiye da shekara, ku fa me kuka gani a wurarenku?

Tela, Fagge: Assalamu alaikum. Shekarata 19 ina riƙe da shagon ɗinki, kekuna 6. A azumin bana, saura kwana 5 Sallah, babban yarona ya sunkuya zai ɗauki zare, sai ya kasa miƙewa. Ciccɓarsa muka yi zuwa adaidaita. Sai a asibiti na ji wai ya fi shekara yana shafa man zafi a ƙugu. Na ce, "Kai, me ya hana ka gaya mini?" Ya sadda kai ƙasa ya ce, "Maigida, nauyinka nake ji." Dogo ne, ni kuwa bencina tsawo ɗaya na sa kafinta ya buga wa kowa. In ya zauna gwiwoyinsa na tokarar keke, sai ya ja baya ya lanƙwashe kamar baka. Kullum yana gabana ban lura ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ku da kuke da yara ko ma'aikata, ta yaya kuke jin abin da ke damunsu?

Makanike, Kaduna: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Na yi wata 3 ina horo a wata masana'anta kusa da Nagoya a Japan. Su ma fa masu girmama na gaba ne, har sun fi mu rusunawa. Dabarar da suka yi ita ce sun mayar da faɗin matsala cikin aikin da aka ɗauke ka domin shi. Suna kiransa kaizen, wato gyara kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Toyota tun 1951 take karɓar shawarwarin ma'aikata, kuma a layin haɗa mota akwai igiyar da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga matsala, shugaban sashe ya zo da kansa. Da safe kowa, har manaja, sai ya yi motsa jikin nan nasu da ake bin umarninsa a rediyo, wanda aka fara tun 1928. Da na dawo na kafa katako a bango daidai ƙirji, na zana siffar kowace sifana a inda take rataye. Yara suka daina durƙuso suna tonon akwati.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari: Injiniya, ni na gwada akwatin shawara, wallahi tsegumi kawai na kwasa. Wane ya makara, wane ya ci kuɗin dako. Ko takarda ɗaya ba ta yi maganar aiki ba. Abin da ya yi mini amfani shi ne ranar da na ɗauki dila da kaina zuwa sito a bene. Ban kai rabin matakala ba na zauna. A makon na sauko da kaya masu nauyi ƙasa, na mayar da marasa nauyi sama. Sannan ban ƙara tambayar yaro a gaban jama'a ba. Babbansu nake ja gefe bayan La'asar, shi suke gaya wa gaskiya. A Guangzhou kuma na ga ma'aikata suna kifa kai a tebur bayan abincin rana, ogansu bai ce uffan ba, don a can ba a ɗaukar wannan barcin lalaci.

Mai ƙuli-ƙuli, Maraɗi: Alhaji, mu mata ba ma rubuta takarda, a waƙa muke faɗa. Mata 8 ke yi mini aiki. Wata rana ana matsar tunkuza na ji babbarsu ta sako habaici a kan murhun da ke cin ƙugun mai shi. Aka yi dariya, ni ban yi ba, na san da ni take. Murhunmu a ƙasa yake, mace za ta yini a duƙe kan kasko, hayaƙi a ido. Na kira magini ya ɗaga shi da bulo zuwa ƙugu, na sayo kujerun tsuguno masu ɗan tsawo na wurin murza. Kuɗin bai kai na jarkar mai ɗaya ba. Tun daga nan nake kasa kunne in an fara waƙa.

Likitar gashi da motsa gaɓɓai, Zariya: Hajiya, kin yi daidai. Baba Tela, a duba uku: tafin ƙafa ya zauna sosai a kan fedal, cinya kada ta tokari teburi, hannu kuma ya kai allura ba tare da an ɗage kafaɗa ko an miƙa wuya ba. Gajere a ƙara masa matashi, dogo a ɗaga masa keken. Kada a wuce rabin awa ba a miƙe ba, ko da zuwa guga ne. Alhajin Kwari, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, kilo 23 ta sa a matsayin iyakar ɗauka ko da komai ya daidaita. Buhun shinkafa kilo 50 ne. A sa mutum biyu ko a kawo baro. Wanda ciwo ya sauko masa ƙafa ko ta fara mutuwa, ya bar kemis ya zo asibiti.

Tela, Fagge: Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya na bi kekunan nan 6 na zauna a kowanne na yi ɗinki. Kafinta ya zo ya auna kowa, ya sa wa keken dogon katako a ƙafafu. Muna cikin awon ne ƙaramin cikinsu, wanda ko gaisuwa da ƙyar nake jin muryarsa, ya ce, "Maigida, kwan fitilar nan a bayana yake, inuwata ke rufe allura." Yau da safe na kira mai wayarin.